Kundin Waƙoƙin Ƙanwata: Tsokaci Kan Horon Malaman Ƙananan Yara a Yawunde

Ina gabatar da shirin yara a rediyo kowace Asabar da hantsi. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ya fi wuyar samu shi ne waƙa ko labarin da zai riƙe ɗan shekara biyar na minti uku cur bai tashi ya bar akwatin ba. Saboda haka da ƙanwata ta kammala karatu a wata kwalejin horon malamai a nan Yawunde, sai na roƙe ta ta ara mini kundin da ta tara waƙoƙi da haddar yara a ciki. Kowane ɗalibi a kwalejin yana da irinsa, kuma da shi zai shiga aji ranar da ya sami aiki. Na ɗauka na tsinci dami a kala.

Kundin abin sha'awa ne. Ta yi masa bango mai kauri, ta ƙawata shi da fensir mai launi, kowace waƙa da zanenta da bayanin yadda yara za su motsa hannu. Na zauna na ƙirga, na sami waƙa da hadda 52. Daga ciki 41 da Faransanci suke, 8 da Ingilishi, 2 da Ewondo, 1 da Duala. Babu ko ɗaya da Hausa. Wannan kuwa yarinya ce da aka haifa a Briqueterie, unguwar da muke kira Birik, ta tashi a ɗakin kakarmu wadda ba ta barin jika ya yi barci sai ya ji halin da Gizo ya jefa Ƙoƙi. Na ce mata, "Ke kuwa, ina tatsuniyoyin Goggo?" Ta ce, "Yaya, ai ba a tambaye mu ba. Abin da za a ba ka maki a kansa shi kake rubutawa."

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake son dubawa shi ne irin horon da ke samar da wannan kundi, da abin da yake yi wa yaron da ya zo makaranta da Hausa a bakinsa.

Yadda horon yake

Ga mai karatu da ba a Kamaru yake ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Makarantar ƙananan yara, wadda a Nijeriya ake kira naziri, mu nan matanel muke ce mata. A tsarin gwamnati aji biyu ne, na 'yan shekara huɗu da na 'yan shekara biyar, ko da yake makarantun kuɗi da yawa suna karɓar yaro tun bai kai haka ba. Malaman da ke koyarwa a can suna fitowa daga kwalejojin da ake kira ENIEG, na gwamnati da masu zaman kansu, takardar shaidar da suke samu kuma sunanta CAPIEMP. A tsarin da ƙanwata ta bi, mai BEPC yana yin shekara uku, mai Probatoire shekara biyu, mai Baccalauréat shekara ɗaya. Ita shekara biyu ta yi.

Ba zan yi wa kwalejin butulci ba, domin na ga canji a tare da ita. Ta koyi yadda hankalin yaro ke girma mataki-mataki, ta san abin da ɗan shekara huɗu zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa. Ta iya tsara darasi a takarda, daga manufa har zuwa yadda za ta gane ko yaran sun fahimta. Ta iya haɗa kayan koyarwa da kwali da murafun kwalba. Ta daina ɗaga hannu a kan yara, ita da a da ƙannenmu ke gudun inuwarta. Duk wanda ya ce rainon yara ba ya bukatar karatu, ya zo ya ga bambancinta da wadda aka ɗauko daga gida aka damƙa mata aji don kawai tana da haƙuri.

To amma horon yana da wani babban giɓi, kuma kundin waƙoƙin ne ya nuna mini shi.

Abin da kundin ke faɗa

Mafi yawan waƙoƙin Faransancin tsofaffin waƙoƙin yaran Faransa ne. Akwai ta rawa a kan gadar wani gari, akwai ta mai barcin da ya makara bai kaɗa ƙararrawa ba, akwai ta kerkeci a daji, akwai ta ƙanƙarar hunturu. Waƙoƙi ne masu daɗin amo, kuma ga yaron da ya tashi da Faransanci suna yin aikin da ya kamata: yana jin kalma, yana ganin abin da take nufi, yana dariya a inda ya dace. Shi kuwa ɗan Birik da ya shigo aji jiya, abin da ke isa kunnensa amo ne kawai.

Na gwada wannan da kaina a ɗakin shiri. An kawo mini yara 'yan matanel, wani yaro ya rera waƙa baiti huɗu ba gargada, har injiniyanmu ya tafa masa. Da na tambaye shi da Faransanci me waƙar ke cewa, ya yi shiru. Na sake tambaya da Hausa, ya ce, "Metires ce ta ce mu faɗa." Na ce to ba ni labarin ragon layyarku. Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya faɗi yadda ragon ya tsinke igiya, ya bi ta layin masu tsire, yadda yayansa ya faɗi a kwata wajen kamu, da abin da babansu ya ce. Akwai farko, akwai tsakiya, akwai ƙarshe, har da kwaikwayon muryar baban. Duk ƙwarewar da manhaja ke fata a gina wa yaro wajen magana, wannan yaro yana da ita. Tana can a harshen da ba a bari ya shigo da shi aji ba.

Wani abin lura shi ne sunan ajin farko na firamare a ɓangaren Faransanci, wato SIL. Ma'anar sunan ita ce ajin fara koyon harshe. Ɗan shekara shida a unguwarmu yana jin Hausa, sau da yawa yana jin Fulatanci, ya iya ciniki da mai burodi da ɗan Faransancin titi, amma a takarda sai yanzu zai fara harshe. Wannan zato ne ya sauko har matanel, kuma da shi ake horar da malamai.

Ranar gwajin koyarwa

A shekararta ta biyu an tura ƙanwata gwajin koyarwa, abin da suke kira sitaj, a wata matanel da ba ta da nisa da gida. A makon farko ta ga wata yarinya tsaye a lungu tana matse ƙafa tana kuka. Malamar ajin ta tambaye ta da Faransanci har sau uku, yarinya sai kallo. Ƙanwata ta durƙusa ta ce mata a hankali, "Fitsari kike ji?" Yarinyar ta gyaɗa kai, ta kama hannunta suka fita. Daga ranar sai sauran yaran suka gane akwai mai jin maganarsu, suka riƙa zuwa da ƙorafi da labari da tambaya. Ranar da mai duba ɗalibai ya zo daga kwaleji, ya ji ta tana yi wa wani yaro bayanin launi da Hausa kafin ta faɗi sunansa da Faransanci. Ya rage mata maki, ya rubuta cewa ta daina amfani da "patuwa" a aji.

Ya kamata in yi wa mutumin adalci, domin yana da hujja. Kamaru ƙasa ce mai harsuna sama da 200. A ajin nan akwai ɗan Bamun, akwai ɗan Bamileke, akwai ɗan Ewondo, kuma idan malama ta riƙa yi wa wasu magana da harshen gidansu, sauran za su ga an fifita wani. Iyaye kuma kuɗi suke biya don 'ya'yansu su iya Faransanci, da shi za a yi jarrabawar CEP, da shi ake neman aiki. Uban da ke ɗinki a Birik tun safe har dare, idan ɗansa ya dawo yana rera waƙar Gizo, cewa zai yi, "Wannan ai a gida ma kyauta ake samu."

Duk na yarda da wannan. Ni ma da Faransanci na sami difilomata ta aikin jarida, kuma ba na fatan a hana ɗan kowa shi. Inda na rabu da mai duban shi ne: ajin mai harsuna da yawa shi ne ajin da kusan kowane malami a Yawunde zai tarar, don haka shi ne abin da ya fi cancanta a koya wa ɗalibi yadda zai tafiyar da shi. Yaya za ka karɓi yaro da harshensa a makonnin farko? Yaya za ka sa ɗan Bamun ya koya wa aji gaisuwarsu yau, gobe Bahaushe ya kawo kacici-kacici? Yaushe za ka fara rage harshen gida kana ƙara Faransanci? Waɗannan dabaru ne da ake koyo kamar yadda ake koyon tsara darasi. Ƙanwata da basirarta ta laluɓo bakin zaren, sai aka hukunta ta maimakon a gyara mata.

Doka ba ta hana ba

Abin mamaki shi ne babu wata doka da ta goyi bayan wannan hani. Tsarin mulkin 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma, ya kuma ɗora wa ƙasa nauyin karewa da bunƙasa harsunan gida. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta sa bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofin makaranta. Manhajar da ma'aikatar ilimin farko ta fitar a 2018 ta ba harsuna da al'adun ƙasa gurbi.

Bincike ma ba baƙo ba ne a nan. Tun 1979 aka amince da haruffan bai ɗaya na rubuta harsunan Kamaru. A 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu da abokan aikinsa a Jami'ar Yawunde suka fara shirin PROPELCA, inda yaro ke fara karatu da harshensa, harshen hukuma yana shigowa sannu a hankali. Daga baya shirin ELAN ya gwada koyarwa da harshe biyu a wasu makarantu, da Ewondo, Duala, Basaa, Ghomala da Fulatanci. A Nijar tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A Nijeriya Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa na Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba.

Ke nan doka tana nan, ilimin ma yana nan. Wurin da abin ke maƙalewa shi ne tsakanin takarda da hannun malami. Waƙoƙi uku na harsunan gida da ke cikin kundin ƙanwata an koya musu su ne don ranar bikin al'adu, ranar da ake sa wa yara kayan gargajiya a ɗauki hoto. Washegari a mayar da su akwati.

Takarda ɗaya, aiki biyu

Akwai kuma wata matsala da ke ƙara wa wannan nauyi. CAPIEMP takarda ɗaya ce ta matanel da firamare baki ɗaya. Wanda zai riƙe 'yan shekara huɗu da wanda zai shirya 'yan shekara goma sha ɗaya don jarrabawa a benci ɗaya suke zama. Da yake firamare aji shida ce, ita ke cinye yawancin lokaci, kuma halinta ne ke bin malami zuwa matanel. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara huɗu da jaka ta fi bayansa faɗi, ana ba shi aikin gida, ana rubuta masa matsayi na nawa ya zo a aji, a ƙarshen shekara a sa masa rigar kammala jami'a.

A littafin darasin ƙanwata na ga sunan Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a 1840, da na Maria Montessori wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907. Ta haddace shekarun, ta ci jarrabawa. Amma Montessori a San Lorenzo ta fara, unguwar talakawa mai cunkoso a birnin Rum, irin tamu, kuma abin da ta fara yi shi ne zura ido ta ga abin da yaran ke yi da kansu, sannan ta gina a kai. Idan aka haddace sunanta aka bar wannan, an riƙe kube an yar da wuƙa. Malamar da za ta zura wa ɗan Birik ido, abin da za ta fara gani shi ne yana magana da Hausa.

Abin da muke da shi a hannu

Wani zai ce to me ke cikin tatsuniya da za a kai ta kwaleji? Mu duba yadda aka gina ta. Mai bayarwa ba ya farawa sai masu sauraro sun amsa masa, wato yaro yana koyon sauraro da jiran lokacin maganarsa. A tsakiya akan sami waƙa da ake maimaitawa duk sanda aka haɗu da sabon abu, yaro yana riƙe jerin abin da ya faru, yana hasashen na gaba. Kacici-kacici yana koya masa kwatanta abu da abu, kuma wanda ya kasa sai ya ba da gari, nan za ka ji Garwa, Ngaundere, Kano, Makka suna fitowa daga bakin yaron da bai taɓa ganin taswira ba. Karya-harshe yana gyara furuci. Carafke tana haɗa ido da hannu da ƙirga, langa tana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya, gaɗa tana koyar da bin kari. Duk waɗannan suna cikin manhaja da sunayen Faransanci, ana neman kayan waje don a yi su.

Malaman allo ma sun riga mu gane hanyar. Larabci ba harshen yaron ba ne, amma da suka zo koya masa babbaƙu sai suka raɗa musu sunaye da Hausa: jim saɓe, lam jaye, ha kuri. Yaro yana ganin siffar baƙin a cikin sunansa. Ɗan Birik da ke zuwa matanel da safe, allo da yamma, yana ganin hanyoyin biyu kullum.

Sai dai ban ce a kwashi tatsuniya yadda take a zuba a aji ba. Wasu suna cike da tsoratarwar da ta fi ƙarfin ɗan shekara huɗu, wasu suna yi wa makaho ko gurgu dariya, wasu kuma babu abin da suke koyarwa sai cewa kishiyar uwa muguwa ce, alhali yaron gida zai koma ya tarar da ita. Wayon Gizo kansa yana bukatar mai bayani. Zaɓe da tacewa da gajartawa aikin ƙwararre ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake son a kai ta kwaleji.

Namu laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hausawa sun daɗe a wannan unguwa ta Ekoudou, wadda ta sami sunan Briqueterie daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa. Mun yi suna a tsire da kilishi da ɗinki da fatauci, amma aikin koyar da ƙananan yara mun raina shi. Da ƙanwata ta ce shi za ta karanta, wata gwaggonmu cewa ta yi, "Shekara biyu don ki koyi share majina?" Maza kuwa ba sa ko kallonsa. Gaskiya ne albashin makarantun kuɗi ba ya taka kara ya karya, kuma mai CAPIEMP kan yi shekaru yana jiran gwamnati ta ɗauke shi. Amma muddin ba namu a cikin ajin, kuma ba namu a cikin masu horar da malaman, babu wanda zai tuna da harshenmu. Harsunan da suka shiga makaranta a ƙasar nan masu su ne suka kafa kwamitoci, suka rubuta littattafai, suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Mu kuma aikinmu ya fi nasu sauƙi, tunda Hausa tana da daidaitaccen rubutu da tarin littattafai. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littafi shida tun farkon shekarun 1970. Amma shiga kasuwar Birik ka nema. Finafinan Kano za ka samu, littattafan soyayya kuma suna cikin wayar kowace budurwa. Mu marubuta ma haka muke. Muna iya rubuta labari mai shafi 500 a kan kishi da gado, amma littafi mai shafi 12 da hoto, jimla ɗaya a kowane shafi, wanda malama za ta ɗaga wa yara, muna ganin ya yi mana ƙanƙanta. Alhali ya fi wuya, domin yaro ba ya yi maka kara. In bai ji daɗi ba sai ya tashi.

Abin da nake nema

Buƙatuna uku ne. Na farko, kwalejojin horon malamai su ware wa matanel nata fanni da nata lokaci, a daina mai da ita 'yar rakiyar firamare. Na biyu, a koya wa ɗalibi yadda ake tafiyar da aji mai harsuna da yawa, kuma a wajabta masa ya sa waƙoƙi da labaran harshensa a kundinsa, da fassararsu, a ba shi maki a kansu, tunda mun ji daga bakin mai abin cewa abin da ke da maki shi ake rubutawa. Na uku namu ne: mu tura 'ya'yanmu mata da maza wannan karatu, mu kuma rubuta musu abin da za su riƙe a hannu.

Ƙanwata yanzu tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Ta sayi sabon kundi. Duk daren Juma'a takan je ɗakin Goggo da waya ta ɗauki murya, ni kuma in taya ta rubutawa da tacewa. Mun kai tatsuniya 9 da kacici-kacici 20. Shugabar makarantar ta ba ta minti goma ranar Laraba, da sharaɗin ta maimaita labarin da Faransanci, kuma ɗan Bamun da ɗan Ewondo su ma su kawo nasu. Goggo ta haura tamanin, wani lokaci takan tsaya a tsakiyar labari ta ce, "Ɗan nan, waƙar wurin nan ta ɓace mini." Duk mai irin wannan tsohuwa a gida, ya ɗauki waya ya je ɗakinta yau. Allah Ya sa mu dace.